Waliyyin da Kotun Doha Ta Zaɓa Mini

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina. Zainab, autata, ta gaya wa dangin mijinta wai Umma ta gudu da direba a ƙasar Larabawa, kuma har yau in zancen ya taso sai ta kawo wata magana. To, ban zauna rubutun nan don in ƙaryata ta ba. Na yi niyyar guduwar, na shirya mata tsaf, har da atamfar da zan ɗaura da wurin da za mu shimfiɗa tabarma mu ci abinci. Abin da ya hana ta zama gudu cikakkiya shi nake so ku ji daga bakina, tun ina da ƙarfin riƙe biro, don kada wata rana jikokina su ji rabi su cike sauran da kansu.

Kun san bayan rasuwar mahaifinku na yi takaba na zauna a Funtuwa, ina sana'ar ƙuli-ƙulina ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, ban nemi kowa da komai ba. Ina nan sai babban yayanku ya aiko a kai ni Doha, inda yake aikin gas, saboda matarsa Rukayya ta kusa haihuwa kuma mahaifiyarta ba ta da lafiya. Injiniya nake ce masa, kuma haka zan ce masa a nan. Ku ƙanana kuna dariyar abin, amma mu haka muka tashi muka gani: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Kakarsa ce ta goya shi fiye da ni. Yana yaro in ina son sa sai in ce wa ƙanwarsa ta kira mini wancan. Da ya gama karatu kowa ya koma ce masa Injiniya, sai Allah ya kawo mini sauƙi. Tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa jin sa a bakina ba, kuma ba ƙiyayya ba ce, shi ma ya sani.

Wata uku na zo yi. Rukayya ba ta gama wanka ba korona ta rufe duniya, jirage suka tsaya, wata uku ya koma shekara, har Injiniya ya yi mini katin zama da sunansa, shi ne kafil ɗina, wato shi ya tsaya mini a wurin hukuma. Gidan a unguwar Al Thumama yake, mai bene, da sanyin na'ura ko'ina. Daga tagar ɗakina ina hango filin ƙwallon da suke ta aiki a kai, mai kama da hular saƙi da aka kife a ƙasa. Ba wanda ya wulaƙanta ni a gidan nan, kada ku ɗauka haka. Rukayya yarinyar kirki ce. Sai dai Injiniya yana ɗaki da kwamfuta daga safe har yamma, yara suna karatu ta allon waya da Turanci, in sun sauko ma Turancin suke yi, ni kuwa ina goyon jaririya ina zagaya falo. Sai in wuni ban yi maganar da ta wuce a ci, an ƙoshi, a kawo kwano ba. Ni da na saba da maƙwabta suna leƙowa ta katanga tun ba a share tsakar gida ba.

A cikin wannan kulle ne Malam Habu ya fara kawo mana cefane. Mutumin Haɗeja ne, dattijo mai furfura a gemu, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure, ya daɗe yana tuƙi a Doha. Injiniya ya ɗauke shi yana sayo mana kayan miya daga kasuwar Abu Hamour. Yakan ajiye kwali a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya tsaya da takunkumi a fuska har a zo a ɗauka. Ni ce mai ɗauka, don ni ce ba ta da kwamfuta. Wata rana ya nuna wani ɗauri a saman kwalin.

"Hajiya, yau na samo miki yakuwa. Wurin wani Ba'indiye, ashe su ma suna ci."

"Yakuwar da ta sha jirgi ai ba ta da sauran tsami, Malam."

"Ki ɗanɗana tukuna. Ni ma jirgin na sha, ban rasa nawa ba."

Na yi dariya a cikin takunkumina, kuma na lura rabona da dariya irin wannan tun Funtuwa. Washegari na yi miyar na zuba masa a kwano na ajiye a inda yake ajiye kwali. Daga nan abin ya zama al'ada: shi ya kawo ganye, ni in mayar da miya, mu tsaya nesa da juna muna zancen damina da farashin wake da ciwon gwiwa. Yana tambayata yadda na kwana, kuma yana tsayawa ya ji amsar. Haka muka yi har aka buɗe masallatai, aka cire takunkumi, na ga ashe yana da wushirya. Ranar da ya yi maganar, kwanon yana hannunsa bai miƙo ba.

"Hajiya, ina so in je wurin Injiniya da wata magana, amma sai kin ce in je."

"Maganar me?"

"Maganar miyar nan. Na gaji da mayar da kwano."

Na karɓi kwanon. Sannan na ce masa ya je.

Ina so ku riƙe wannan: ta ƙofa ya fara shigowa. Ya sa babbar riga, ya ɗauko wani dattijo daga masallacin da 'yan ƙasarmu ke haɗuwa, suka zauna da Injiniya a falo. Ina kicin, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ce yana ganin girman Malam Habu, amma wannan magana kada a sake ta. Ya ce a garin nan 'yan gida ba su da yawa, kowa ya san kowa, gobe a wurin aiki za a ce uwar wane ta auri mai kawo masa cefane. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a ƙirji.

"Mahaifiyata ba ta da wannan buƙatar. Me ta rasa a gidan nan?"

Baƙin ya tambaya, ba ni ba. Taku kaɗan ne tsakanin falo da kicin, bai tako ba. Ya sallame su, ya sa aka riƙa kawo cefane daga kanti a cikin leda, ba yakuwa, ba sallama. Da daddare ya gaishe ni kamar kullum, na amsa kamar kullum. Ni ma ban iya tayar masa da zancen ba, don bakin da bai taɓa kiran sunan mutum ba, ta ina zai fara yi masa maganar aure? Na haƙura na wata da watanni. Kun san ni da haƙuri. Amma tun ranar da ya sallame su na gane cewa in na ci gaba da shiru, a ɗakin nan mai sanyi zan tsufa ina kallon hular ƙwallo ta taga, kowa yana yabon yadda ake kula da ni.

Wadda ta fara faɗa mini a fili ita ce Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai shagon kitso da lalle a unguwar Bin Mahmud, inda Rukayya ke ajiye ni duk bayan mako biyu. Kaina yana kan cinyarta na ba ta labari, ta ja mini gashi har na ji zafi.

"Yaya, ke yarinya ce? Kin aurar da 'ya'ya, kin binne miji. Ku je kotu ku ɗaura abinku, in ya so ya ji da baya."

"Memuna, ki ji tsoron Allah."

"Tsoronsa ne ya sa na ce kotu, ban ce ɗakin Malam ba."

A shagon nan na riƙa yin waya da Malam Habu, Memuna tana kunna na'urar busar da gashi wai don kada ta ji, alhali kunnenta yana wurin. Lokacin an shiga hidimar gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika, gidanmu ma ya cika da abokan Injiniya da suka zo daga gida kallo, ko da yake ƙasarmu ba ta samu zuwa ba, sun ari rigunan ƙasashe maƙwabta sun saka. Ina tuƙa musu tuwo, ba mai tambayar ina na je ina na dawo. Malam kuma ya samu aikin kai baƙi yawon sahara, kuma kwangilarsa za ta ƙare da ƙarewar gasar, daga nan sai gida gaba ɗaya. Shi ya ba ni labarin wani wuri can kudu, inda tudun yashi ke gangarowa ya shiga cikin teku, ba gini, ba titi, ba kowa. Ya ce duk sanda ya kai Turawa suna ta hoto, shi sai ya tsaya gefe yana cewa a ransa da Hajiya ce. Na ce to can za mu. A ɗaura a kotu da safe, mu wuce can mu ci abinci mu yi la'asar, da yamma in kira Injiniya in gaya masa ya turo mini akwatina. Aurena na fari ina cikin ɗaki a lulluɓe aka zo aka ce an ɗaura, ban ga komai ba sai ƙafafun mata. Wannan karon na ce ina so in ga sarari.

Sai muka shiga neman abin da hukumarsu ke so, mijin Memuna, Alhaji Tanko, yana yi mana jagora don yana jin Larabci. Da farko gwajin jini a asibitin unguwa, ni da Malam. Wata likita 'yar Sudan, sa'ar Zainab, ta zaunar da mu tana yi mana bayanin cututtukan da iyaye kan gadar wa 'ya'yan da za su haifa, da gaskenta, Malam yana gyaɗa kai kamar ango ɗan ashirin, Memuna ta fita waje don dariya ta ci ƙarfinta. Sai takardar shaidar rasuwar mahaifinku. A Funtuwa wa ya taɓa neman takarda don mutum ya mutu? Unguwa gaba ɗaya ta yi masa salla. Ƙanena Sani, kawunku, shi ya yi ta zirga-zirga har ya samo, aka aiko, aka juya ta Larabci, aka kai wannan ofis ya buga hatimi, wancan ma ya buga a kan na farko. Shaidu biyu maza, Malam ya samo cikin abokan tuƙinsa. Saura waliyyi, kuma wannan ba mu ma ɗauke shi matsala ba. Mahaifina ya rasu, baffannina sun ƙare, a gida kowa ya san Sani ne. Na kira shi, ya ce, Yaya, in dai ya yi miki na bayar, ya wakilta Alhaji Tanko ta waya. Muka ce an gama.

Ranar muka je kotun iyali da goro da alewa da dabino, goron ma sai da Malam ya sha wuya kafin ya samu. Ni na zaci a mota zan zauna maza su shiga su fito su ce an ɗaura, sai aka ce a'a, amarya ma ta shigo. Magatakardan wani mai farin rawani ne, mai ladabi, ya duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Sannan ya fara tambaya, Alhaji Tanko yana fassarawa. Mahaifinta? Ya rasu. Kakanta na wajen uba? Memuna ta toshe baki. Tana da ɗa namiji baligi? Nan muka dubi juna. Ya ɗaga katin zamana ya sa yatsa a kan sunan kafil, ya tambaya wane ne wannan. Alhaji Tanko ya ce ɗanta ne. Mutumin ya tattara takardun ya miƙo mana da hannu biyu.

"Ya ce to shi ne waliyyi," in ji Alhaji Tanko. "Wai ɗa yana gaba da ƙane. Khalas, wai an gama magana."

Alhaji Tanko ya yi ta yi masa bayani cewa a wurinmu abin kunya ne ɗa ya ba da auren uwarsa, balle ɗan fari. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya fahimta, amma shi ba kunya aka ba shi ya duba ba. Ya ce in ɗan ya ƙi ba tare da dalilin shari'a ba, alƙali zai kira shi ya ji ta bakinsa, in ya dage, alƙalin da kansa zai tsaya mini. Ko ta ina aka bi, sai Injiniya ya ji kafin a ɗaura. Muka fito da goronmu a ɗaure yadda muka shiga da shi.

A inuwar mota Malam ya ce kada in damu, a kira Sani ya ɗaura a masallacin Funtuwa ranar Juma'a ko ba ma nan, mu haɗu a gida bayan gasa. Da sauƙi kam. Amma na tambayi Alhaji Tanko ko abin da mutumin nan ya faɗa nasu ne su kaɗai, sai ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ko a littattafanmu haka yake, kunya ce kawai ta sa ba ma yi. Na tsaya ina juya maganar. Watanni ina laɓe-laɓe a shagon kitso saboda yaron da ni na haife shi, wanda ya yanke hukunci a kaina bai tako kicin ya tambaye ni ba. Ga shi yanzu hukumar wata ƙasa ta ce dole ya zauna ya ji.

"Malam, da ban ji abin da aka faɗa a ciki ba, da na yarda. Yanzu na ji. A nan za a ɗaura, kuma shi zai bayar."

"In ya ƙi fa, Hajiya?"

"Sai ya ƙi a gaban alƙali, ina kallonsa."

Safiyar Juma'a ce, baƙi ba su tashi ba. Injiniya yana falon sama shi kaɗai da shayi. Ban taɓa hawa wurin yana ciki ba sai da tsintsiya ko da yaro a hannu. Na shiga hannu sake na zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Ya miƙe tsaye kamar an shigo da mummunan labari.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya. Zauna. Ka tambayi baƙi me na rasa a gidan nan. Ni ya kamata ka tambaya, amma ba amsar na zo ba ka ba. Zan auri Malam Habu. Mun je kotu, takardu sun cika, sun ce kai ne waliyyi."

Ya koma ya zauna.

"Kun je kotu. Ba da sanina ba."

"Ba da saninka ba. Da sun karɓi Sani, da sai dai ka ji a waya."

"Ni zan ba da ke aure, Umma? Ni? In zauna in ce na ba wa direba mahaifiyata? Da wane ido zan dubi mutane? Da wane ido zan dubi kabarin Baba?"

"Babanka na zauna da shi har na rufe masa ido, na yi masa takaba ban rage kwana ba. Ba ya bina komai. Mutane kuwa, da nake zagaya falon nan ni kaɗai ban ga ko ɗaya ya leƙo ba. Ba izini na zo nema ba. Wurin tsayuwarka na zo nuna maka. Ranar Talata da safe ne. In ka bar wurin, baƙon da bai san sunan garinmu ba, shi zai tsaya a ciki, kuma za a ɗaura."

Muryata ba ta tashi ba, kun san ba ta tashi. Tun da aka haife shi ban taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba. Daga ranar har Talata bai ci abincin gidan ba. Rukayya ta shigo ɗakina ranar Litinin da yamma, ta ɗauki atamfar da na ajiye a kan gado ta tafi da ita, ta dawo da ita a goge.

Talata muka koma, da lalle a ƙafata, Memuna ta ce ko an fasa ba za ta yi asarar lallenta ba. Muka zauna a kan benci ana kiran mutane suna shiga suna fita. Har na ce wa Alhaji Tanko ya je ya rubuta mana ganin alƙali a kan ƙin waliyyi, sai ga Injiniya ya shigo da kayan aiki a jikinsa. Bai dubi Malam ba, bai gaishe da kowa ba, ya tsaya jikin bango. Da aka kira mu gaban alƙalin, wani tsoho mai tabarau, ya dubi takardu, ya dube ni, ya yi tambaya. Alhaji Tanko ya juyo a hankali.

"Hajiya, ya ce wane ne wannan a wurinki, kuma ki faɗi sunansa."

Na ce ɗana ne. Alƙali ya jira. Na ce Injiniya. Ya ce ba sana'arsa ya tambaya ba. Alhaji Tanko ya yi sauri ya faɗi sunan, alƙali ya ɗaga masa hannu, ya ce daga bakinta yake so, don ya ga waliyyi ya haɗe rai, amarya ta kasa kiran sunansa, shi kuwa ba zai ɗaura auren da bai tabbata ba wanda aka tilasta a ciki ba. Ya fara rufe fayil ɗin. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai, don ya san abin da ake nema a wurina kuma ba zai roƙe ni ba. Na tuna uwata, da kakata, ba wadda ta taɓa yi. Sannan na juya na dubi yaron nan a ido, abin da shi ma ban saba ba, na kira sunansa, da na mahaifinsa a haɗe. Na ce shi ne ɗan farina, shi ne waliyyina, kuma ni na ce ya zo.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, kun san shi. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda fuskarsa ta yi. Ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci. Da alƙali ya tambaye shi ko ya bayar, sai da aka maimaita. Ya ce ya bayar, da muryar da ban san shi da ita ba. Ya sa hannu. Aka yi fatiha. Malam ya miƙa masa hannu, ya karɓa yana kallon bango, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya fita. Memuna ta bi shi da goro har bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

Mun tafi wurin namu. A bakin sahara Malam ya tsaya ya rage wa tayoyi iska, sannan motar ta riƙa hawa tudu tana sauka kamar kwalekwale, Memuna tana salati tana zagin ango. Da muka hau tudu na ƙarshe sai ga ruwan a ƙasa, shuɗi, shiru, yashi fari ya gangara ya shige cikinsa ba wata iyaka a tsakani. Ba ƙarar na'ura, ba bango. Muka shimfiɗa tabarma, muka ci shinkafa da miyar yakuwa da dambun nama, shaidu suka cinye alewar. Na cire takalmi na taka har ruwa ya rufe mini lalle. Malam ya tsaya a gefena ya naɗe ƙafar wando, ya tambaye ni ko ya yi ƙarya. Na ce bai yi ba. Na yi kuka kaɗan a wurin, ba na nadama ba, ya bar ni na gama bai ce in daina ba. Muka yi la'asar a kan yashi.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Bayan gasa muka dawo gida, na bar jaririyar da na goya tun ranar haihuwarta tana kiran sunana a bakin ƙofa. Injiniya bai raka ni filin jirgi ba. Zainab ta yi wata da watanni ba ta taka gidana a Haɗeja ba. Azumi ya zo ya wuce, Rukayya ce kawai ke kira ta nuna mini yara. Ban kira shi na ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban gani ba. In ɗayanku yana jiran wannan a ƙarshen babin nan, ya daina jira.

Ranar babbar salla da hantsi wayata ta yi ƙara, Malam yana waje yana fama da rago. Injiniya ne. Ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata, sannan ya tambayi jikin Malam, ya ce in ce yana yi masa barka da salla. Na ce zai ji. Na zaci zai kashe, sai na ji yana numfashi.

"Umma."

"Ina ji."

"Abin da kika faɗa a gaban alƙali. Ki sake faɗa."

Na dubi wayar, na goge idona da bakin mayafi.

"Sau ɗaya alƙali ya nema, Injiniya. Ka ci naman salla kuwa?"

Ya yi dariya, irin wadda yake yi wa kakarsa yana yaro, wadda nake ji daga ɗaki ba na fitowa. Wannan karon ban ajiye wayar ba har ya gama.